Hukuncin saƙon "c'est fini" da aka fassara da saki

Tambaya: Malam, mijin ƙanwata ɗan kasuwa ne a Maradi, ita kuma tana Tibiri. Sun samu saɓani, sai ya turo mata saƙon waya da Faransanci: "c'est fini entre nous". Ɗalibin da ya karanta mata ya ce ma'anarsa "na sake ki". Mijin ya ce bai nufi saki ba. Shin ta fara idda?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, ƙanwarka ba za ta fara idda da maganar ɗalibin nan ba, domin shari'a da lafazin miji take aiki, tafinta kuwa mai ba da labari ne kawai, kamar yadda Shehu Halil ya tabbatar a Muhtasar. Saki yana aukuwa da kowane harshe, da baki ko a rubuce. Da mijin ya rubuta "je te répudie", ko ya ce "na sake ki", da saki ya auku ko da wasa yake yi. To amma abin da ya rubuta fassararsa ita ce "ta ƙare tsakaninmu". Ɗalibin ya tsallake lafazi, ya faɗi abin da yake zato, ya mayar da jirwaye magana ƙarara. Wannan ba amanar fassara ba ce, shi ya sa malamanmu suka sharɗanta mai fassara ya zama amintacce, masanin harsunan biyu.

Malikiyya sun kasa lafazin saki uku: sarihi, da kinaya bayyananniya, da kinaya ɓoyayya irin "tafi" ko "koma gidanku", wadda ba ta zama saki sai da niyya. Hujjarsu tana cikin Buhari da Muslim: bayan yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, da aka umurci Ka'abu ɗan Maliku ya nisanci matarsa, ya ce mata ta koma wurin danginta, kuma ba a ƙirga masa saki ba saboda bai nufa ba. "C'est fini" a wannan aji take. Ana faɗinta idan an gama ciniki, idan buhun gero ya ƙare, idan an kashe rigima, kuma mai fushi yakan faɗe ta yana nufin ya daina magana.

Wani zai ce me ya hana a sa ta cikin kinaya bayyananniya, wadda ba a sauraron mai musanta niyyarta? Amsa ita ce al'ada ce ke bayyana kinaya. Imam Alƙarafi, wanda ya rasu shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi gargaɗi a Alfuruƙ cewa mai fatawa ya binciki al'adar garin mai tambaya, kada ya daskare kan lafuzzan littattafai. Mutanen Maradi da Tibiri da Jiratawa da Hausa suke ɗaura aure, da ita suke warware shi, kuma wannan jimla ba ta zama lafazin da kowa ya sani na saki ba. Ranar da ta zama haka, fatawa za ta sauya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne an buɗe wa maƙaryaci ƙofa, ya saki mace da Faransanci, gobe ya janye da Hausa. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma mata ne ke shan wahalarsa. Saboda haka ba a karɓar musunsa haka kawai. A kai maganar gaban alƙali, a fadar Sarkin Gobir a Tibiri ko ta Sarkin Katsina a Maradi, a nuna saƙon yadda yake tare da waɗanda suka gabace shi. Idan ita ce ta rubuta tana neman takardarta, shi kuma ya amsa da wannan jimla, alama ta ƙaryata shi, saki ya auku. Idan babu irin wannan, sai ya rantse, aure na nan, a kuma tilasta masa ciyarwa da zama da ita bisa kyautatawa, domin aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta hana barin mace a rataye. Ku adana saƙon, kada a goge shi kafin a zauna. Allah ne Mafi sani.