Idan Doka Ta Yarda, Wiwi Ya Zama Alheri?

A kasuwannin Magariya da Dungas, kusa da iyakar Nijeriya, akan ji samari suna cewa, "Ai waɗansu ƙasashe sun halatta wiwi. Don me za a hana mu?"

Akwai gaskiya cikin maganarsu. Uruguwai ta halatta shi a 2013, Kanada a 2018. Maroko ta yarda a noma shi a 2021 domin magani da masana'antu. Akwai kuma irin da ba ya bugarwa, wanda ake yin zane da takarda da igiya da shi, kamar yadda muke tufka igiyar rama. Allah bai halicci tsiro a banza ba.

A Nijar dai doka ta hana shi. A watan Maris 2021 an kama tan 17 a Yamai.

To, a ce gobe an ɗage hanin. Hayaƙin zai sake hali? Ko kaɗan. Yana raunana tunani, musamman ga yaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama girma ba. Taba ma doka ta yarda da ita, amma tana cin huhu.

Saurayin da ya kai riɗinsa kasuwar Maigatari, ya ƙarar da kuɗin a ƙullin wiwi, bai cuci kansa kaɗai ba. Ya cuci tsohuwarsa da ƙannensa masu jiran hatsi.

Doka tana iya hana a ɗaure ka a kurkuku. Ɗaurin sabo kuwa, wa zai kwance maka? Ka yi tunani.