Allura Ƙarama, Aikinta Babba

Kai tela da ke duƙe kan keke tun asuba, ke mai ɗinkin hannu da allura ta sha huda yatsarki, ku matso ku ji labarin Josephine Baker!

An haife ta a St. Louis ta Amurka a 1906. Tana 'yar shekara takwas aka kai ta aikatau gidajen Turawa. A 1925 ta sauka Faris da rawa, ko Faransanci ba ta ji. Wa ya taɓa zaton yarinyar nan za ta hau dandamali cikin rigunan Dior, Balmain da Balenciaga? Rawa ta yi, waƙa ta yi, gumi ta zubar, har manyan gidajen ɗinki suka riƙa alfahari da ganin kayansu a jikinta.

To ku dubi irin waɗannan riguna da kyau. A 1947, bayan yaƙin duniya ya sa yadi ya yi wuya, Christian Dior ya fito da siket mai faɗi, mai cin yadi tuli. Shi ya zana, amma su wa suka ɗinka? Mata ne da Faransawa ke kira "ƙananan hannaye". Su ke yanka, su ke kalmasa, su ke ɗaura duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya, su warware su sake in ɗinki ya karkace. Sunan Dior ne a wuyan riga, guminsu ne a kowane zare. Wa zai raina mai allura bayan wannan?

A 1951 Josephine ta koma Amurka da akwatunan rigunan Faris. A gidan rawa na Copa City da ke Miami ta kafe: ba za ta yi wasa ba sai an bar baƙar fata sun shiga sun zauna tare da kowa. Masu gidan suka sakko. Gwaninta ce ta ba ta bakin magana! A 2021 Faransa ta karrama ta a Panthéon, inda take ajiye gwarazanta, baƙar mace ta farko da ta samu wannan daraja.

Wahala gaskiya ce, amma mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku wasa almakashi, ku zura zare, ku gyara ɗinkin da ba mai gani kamar wanda kowa zai gani. Ku riƙe sana'arku da daraja, ita ma za ta riƙe ku.