Haƙurin mai jego da ƙashin bayanta

Idan mai jego ta yi kukan ciwon baya, amsar da takan samu ita ce ta yi haƙuri, haihuwa ta gaji haka, ladanta yana wurin Allah. Babu mai musun ladan. Abin tambaya shi ne ko haƙuri ya hana a binciki abin da ke cin jikinta. A ganina bai hana ba, kuma wanda ya fake da addini ya bar ta cikin ciwo ya jingina wa addini abin da bai ce ba.

Jariri yana tara kimanin giram 30 na sinadarin kalsiyam kafin ya zo duniya, mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe. Bayan haihuwa kuma, nono yana fitar da wajen miligiram 200 zuwa 300 kullum, kuma wani ɓangare daga ƙasusuwan uwar yake fitowa, ko da tana cin abinci mai kyau. Cikin watanni shida na shayarwa, ƙarfin ƙashin bayanta kan ragu da kashi 3 zuwa 10 cikin 100. Wannan tsarin halitta ne, kuma ga yawancin mata ƙashin yakan farfaɗo cikin shekara guda bayan yaye. Amma akwai 'yan tsiraru, galibi a haihuwar fari, waɗanda zaizayewar ke kai su ga karaya: gaɓoɓin ƙashin baya su lotsa, tsayinsu ya ragu, ɗaukar jaririn ma ya gagare su. Tun 1955 likitoci biyu, Nordin da Roper, suka yi bayanin wannan cuta. Hoton MRI yana nuna karayar, awon DXA yana nuna yawan abin da ya zaizaye. Magani yakan fara da dakatar da shayarwa, a ba da kalsiyam da bitamin D, wani lokaci a ƙara da allurar teriparatide da ke gina ƙashi.

A nan ne mai ja zai ce: Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu, ta yaya likita zai sa a yaye jaririn wata uku? Sai a koma ga ayar da kanta, ta 233 a Suratul Baƙara. Ita ce ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta halatta yaye idan iyaye sun yi shawara sun yarda, ta kuma buɗe ƙofar neman wata mai shayarwa. Shari'ar da ta yarje wa mai goyo ta sha azumin Ramadan idan ana tsoron cutuwa ba za ta tilasta mata shayarwar da ke karya ta ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ban raina ta ba: inda ruwa ba shi da tsafta, madarar gwangwani kuma ta fi ƙarfin aljihu, cire jariri daga nono yana iya jefa shi cikin gudawa da tamowa. Shi ya sa ba kowane ciwon baya ne dalilin yaye ba, kuma shi ya sa binciken ya zama dole, don a bambance gajiyar jego da karaya. Wanda ya ƙi kai ta asibiti bai kare jaririn ba, domin uwar da ta kasa miƙewa ba ta iya renonsa. Nauyin kuwa yana wuyan miji, tunda ayar nan ita ta ɗora masa ci da suturar mai shayarwa. Ciwon bayan da ya zo kwatsam, ya tsananta, ya ƙi lafawa bayan makonni, ba aikin ruwan zafi ba ne. A kai ta a yi hoto.