An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk shagon da ka shiga yau a Abijan, daga na mai atamfa a kasuwar Tireshbil har na mai tura kuɗi ta waya a bakin titin Nangui Abrogoua a Ajame, in ka ɗaga kai za ka ga wata 'yar na'ura maƙale a bango ko a kan kanta, da eriya biyu ko huɗu, fitilunta na ƙyaftawa. Rauta ke nan, mai raba intanet. Muddin saƙo na shiga yana fita babu mai waiwayarta, har ƙura ta lulluɓe ta. Ranar da rezo, wato layin intanet, ya ɗauke kuwa, ita ce farkon wadda za a kama. A zare ta daga wuta a mayar, a bubbuga ta da tafin hannu, a karkata eriya gabas da yamma. In abin ya ƙi, a naɗe ta a leda a ce yaro ya kai ta Ajame a duba, ko ya sayo sabuwa.

Ajame kuwa ba ta rasa mai karɓa. Kasuwar nan da ake kira Black Market, kusa da tashoshin mota, ta yi suna a duk faɗin Kwaddibuwa wajen wayoyi da kwamfutoci da kayan gyaransu, sababbi da na hannu. Akwai 'ya'yan Hausawa cikin masu wannan sana'a. Iyaye sun taho daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, suka kafu da gashin nama da sayar da abincin garba da tallan agogo da takalma, su kuma 'ya'yan da aka haifa a nan wasunsu suka rungumi sukudireba da kwamfutar tafi-da-gidanka. Na lura masu gyaran iri biyu ne. Akwai wanda da ka miƙa masa rauta zai jujjuya ta, ya ce ta ƙone, ya jawo sabuwa daga ƙarƙashin tebur. Akwai kuma wanda zai tambaye ka, "A ina take aiki? Mu je can." Wannan na biyun ya san abin da yake yi, domin yawancin ciwon da ake jingina wa rauta yana can inda aka baro: a jikin waya, ko a wuta, ko a layin kamfani.

Wata ranar damina ina zaune a shagon wani dattijo mai sayar da shadda a Tireshbil. Intanet ɗinsa ya kwana yana zuwa yana ɗaukewa, hotunan kaya da yake tura wa abokan cinikinsa na Buwake da Yamai duk sun maƙale. Ya kira wani saurayi daga Ajame, ya tsallako gada a woro-woro, tasin haya, da 'yar jakarsa a baya.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka taho da sabuwar? Wannan dai ta gama yayi."

"Tana cikin jaka, Alhaji. Amma a yi mini haƙuri in ji ta bakin tsohuwar tukuna."

Bai taɓa sukudireba ba. Ya ciro guntuwar wayarsa, ya haɗa kwamfutarsa da rautar, ya buɗe wani baƙin allo, ya rubuta ping, ya bi da lambar gidan rautar, 192.168.1.1. Layuka suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne na cewa amsa ta dawo cikin ƙasa da kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, babu wadda ta ɓace. Ya ce, "Ta wannan ɓangaren lafiyarta ƙalau, Baba."

Wannan 'yar manhaja, ping, ta girmi yaron da kansa. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta ta a 1983, a wata cibiyar bincike ta sojojin Amurka. Aikinta ɗaya ne tak: ta aika ɗan ƙaramin saƙo ga na'ura, ta jira amsa, ta ƙirga lokacin da amsar ta ɗauka da kuma saƙonni nawa suka salwanta a hanya. Kyauta ce, tana cikin kusan kowace kwamfuta, amma da wuya ka ga mai shago da ya san tana nan.

Daga nan ya shiga shafin rautar, ya duba ƙofar da ke karɓar layi daga akwatin faiba da ke saman bene, inda layin kamfani ke shigowa. Ya ga tana haɗuwa tana rabuwa. Sai ya danna gwajin waya. A nan ne abin ya ƙayatar da ni. Wayar da ke haɗa waɗannan na'urori tana da silin jan ƙarfe 8 a ciki, an murɗa su bibbiyu, tagwaye 4 ke nan. Rautocin da ke da wannan fasaha, irin su da yawa daga cikin na MikroTik, kamfanin nan na ƙasar Latbiya da masu sayar da tikitin wayifai a unguwanni suka fi so, suna harba ɗan bugun lantarki cikin kowane tagwaye. In ya tarar da yankewa sai ya dawo. Da yake an san gudunsa a cikin jan ƙarfe, kusan kashi 2 cikin 3 na gudun haske, daga lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo ake gane nisan wurin da matsalar take. Allon ya nuna tagwaye 3 lafiya, ɗaya a yanke wajen mita 14.

Yaron ya miƙe, ya bi wayar da ido a jikin bango yana ƙirga taku, mu ma muka bi shi. Daidai maƙalar ƙofar ƙarfe ta baya ya tsaya. Ƙofar ta daɗe tana matse wayar, bawonta ya saɓule, jan ƙarfen ciki har ya yi kore don laima. In an buɗe ƙofa silin ya rabu, in an rufe ya sake taɓa ɗan'uwansa. Ya sauya wannan wayar, ya ɗaure ta nesa da ƙofa, hotunan Alhaji suka tafi a jere. Sabuwar rauta ta koma Ajame cikin kwalinta.

"Allah ya yi maka albarka. Yanzu da na saye ta fa?"

"Da gobe an sake kirana, Alhaji."

Abin da na ɗauka daga aikinsa shi ne tsarin. Daga kusa yake farawa, sai ya wanke na kusa sannan ya matsa gaba: kwamfutarsa, wayarsa, rauta, wayar bango, akwatin faiba, sannan layin kamfani. Ba ya tsallake ko ɗaya don wai ransa ya ba shi. In layin ya wuce gida, akwai wata manhajar, traceroute, wadda Van Jacobson ya rubuta a 1987. Ita tana lissafo duk zangon da saƙo ke yada kafin ya isa inda aka aike shi. Dabararta mai sauƙi ce. Kowane saƙo yana ɗauke da wata lamba da kowace rauta a hanya ke rage ɗaya daga ciki, in ta kai sifili sai rautar da ta ƙare a hannunta ta aiko da sanarwa. To sai a tura na farko da lamba 1, zangon farko ya amsa. Na biyu da lamba 2, zango na biyu ya amsa. Haka har ƙarshe. Inda amsa ta tsaya, nan za a fara neman ɓarna.

Mutanen Abijan ba za su manta da ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024 ba, a kwanakin farko na azumi. Intanet ya ɗauke wa mafi yawan jama'a, tura kuɗi ya yi wuya, ciniki ya tsaya cak a wurare da dama. Ka ƙiyasta rautoci nawa aka zare aka mayar a wannan safiya. Alhali ɓarnar tana can ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kwaddibuwa, inda manyan igiyoyi 4 da ke haɗa yankinmu da duniya suka samu matsala: WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku. Abin ya shafi Gana da Laberiya da Benin da Burkina Faso da Najeriya, inda har bankuna suka ji a jikinsu, kuma gyaran ya ɗauki makonni domin sai da jiragen ruwa na musamman suka zo. Duk wanda ya iya karanta traceroute a ranar zai ga zangon gida ya amsa, na kamfani ya amsa, daga nan sai shiru. Zai rufe kwamfutarsa ya ce wa mai shago ya adana kuɗinsa. An bar jaki ana dukan taiki, in ji Hausawa, kuma ban taɓa ganin taikin da ya sha duka irin 'yar na'urar nan ba.

Akwai wani abu kuma da ƙwararru suka sani, sababbin shiga ba su sani ba. Wani zango a tsakiyar hanya yakan ƙi amsawa, sai ka ga taurari uku a layinsa, amma na bayansa duk su amsa lafiya. Wannan rautar ba ta mutu ba. An saita ta ne kada ta kula irin wannan tambaya, saƙon mutane kuwa tana wucewa da shi yadda ya kamata. Mai gaggawa yana ganin shiru sai ya yanke hukunci. Wanda ya ƙware sai ya duba abin da ya biyo bayan shirun, ya kuma gwada ta wata hanyar kafin ya buɗe baki.

Kada a ɗauka manhaja tana ganin komai. A akwatin faiba tana nuna ƙarfin hasken da ke isowa, in ya faɗi ƙasa da kamar -28 a ma'aunin haske layi ya fara yankewa, sau da yawa don wani ya lanƙwasa siririyar igiyar a lungu. Tana nuna tsawon lokacin da rauta ta yi a kunne, in ka ga minti 10 alhali tun asuba babu wanda ya taɓa ta, ka san tana mutuwa tana tashi da kanta. Amma dalilin, sai an sa hannu. Adaftar da aka rubuta wa bolt 12 tana iya nuna 12 ɗin in babu kaya a kanta, da mutane sun hau wayifai ta kasa, sai mitar awon wuta ce za ta tona ta. Zafin rufin kwano, laimar gari mai bakin teku da tafki, tsawar ruwan Yuni da ke bin waya ta ƙone wa rauta ƙofa ɗaya ta bar sauran, waɗannan ido da hanci da tafin hannu ke gano su. Yaron nan na Ajame na ga yana ɗora bayan hannunsa a kan adafta kafin ya tashi, ko da ya riga ya gano matsalar.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne yadda muke yi da junanmu, musamman mu mazauna ƙasar wasu. Mutum ya haɗa kuɗin guminsa a Tireshbil zai aika gida Tawa, ya ba yaron shago, yaro ya kai wa mai tura kuɗi ko direba, daga can wani ya karɓa a tasha, wani ya kai ƙauye. Sati ya zagayo tsohuwa ta ce ba ta ga komai ba. Wa ake fara tuhuma? Yaron shago, domin shi ne a kusa, shi ne kuma ba shi da bakin kare kansa. In ya sunkuyar da kai ya yi shiru don kunya da girmama maigida, sai a ce ai ga shi nan, ya kasa magana. Na san zumuncin da ya lalace a kan irin wannan, daga baya kuɗin ya fito a hannun wanda ba a ko tambaya ba. Farawa da na kusa daidai ne, mai gyara ma haka yake yi. Bambancin shi ne mai gyara yana tambaya ne don ya wanke, in na kusa ya fita sai ya faɗa a fili cewa ya fita, ya wuce gaba. Mu kuwa mukan tsaya a kan na farko, mu ƙi matsawa, domin tambayar na nesa tana da wahala, wani lokaci ma na nesan babba ne da muke jin nauyinsa. Malamanmu ba su gaji da jan kunne a kan tabbatar da labari kafin ɗaukar mataki ba, ga shi wani saurayi da jakar baya yana aiki da wannan kullum a kan na'urar roba, mu kuma muna kasa yi wa ɗan mutum.

Saura magana ɗaya, kuma ta shafi aljihunmu. Mai gyaran da ya ce rauta ta ƙone yana cin ribar sabuwa, ya kuma riƙe tsohuwar ya sayar wa wani. Wanda ya tsaya ya gwada, ya ce lafiyarta lau, shi ne muke ce wa, "To ai ba ka yi komai ba," mu miƙa masa kuɗin mota da ƙyar. Da hannunmu muke koya wa yara cewa gaskiya ba ta biya. Alhajin nan mai shadda ya biya yaron kuɗin waya, ya ƙara masa na aikin, ya kuma karɓi lambarsa ya rarraba wa maƙwabtan shago, kuma a ganina abin da ya dace ke nan.

Don haka, ɗan'uwa, ranar da rezo ya ɗauke maka, kira mai gyara ya zo inda na'urar take. Ka ce ya nuna maka a allo inda saƙo ya tsaya kafin ya buɗe kwalin sabuwa. In ya gwada ya ce maka laifin ba na rautar ba ne, ka biya shi kuɗin gwajinsa cikakke ko da bai sauya ko sukuru ɗaya ba.