Shin Makaranta Tana da Ikon Hana Ɗalibi Ajiye Darasi?

A makarantun sakandare na Anka, Gummi da Bukkuyum, ɗalibi yakan kai manyan azuzuwa ya nemi ajiye wani darasi, kamar ilmin sinadarai, saboda tsoron faɗuwa a jarrabawar WAEC. Turanci da lissafi ba su cikin wannan magana, hukuma ta wajabta su. Sauran fa?

Malaman Musulunci sun kasa ilmi gida biyu. Akwai farali ainihi, wanda ya hau kan kowane baligi, kamar sanin hukuncin tsarki da salla. Akwai kuma faralin kifaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga wuyan saura. Imamu Gazali ya sanya likitanci da lissafi a wannan kashi. Saboda haka tilasta wa yaro guda ba shi da tushe, domin nauyin ba a kansa kaɗai yake ba.

Amma idan aji duka ya watse, laifi ya hau kan jama'a. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka kawo ɗauki. Shugaban makarantar da ya tuna wannan yana da hujjar kiran iyayen ɗalibi mai basira, ya ƙi sakinsa. Sai dai hujjarsa takan yi rauni idan makarantar ba ta da malamin darasin, balle ɗakin gwaje-gwaje.