Wa Ke Bin D'Angelo Bashi?

A watan Disamba na 2014 D'Angelo, mawaƙin soul na Amurka, ya fitar da Black Messiah bayan shekara 14 ba a ga sabon kundinsa ba. Masu sharhi suka yi ta zuba yabo, kundin ya ci kyautar Grammy a 2016. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda masoyansa da dama suka riƙa magana kamar waɗanda aka biya su tsohon bashi. Wai sai yanzu ya sauke nauyi.

Sunansa na yanka Michael Archer, ɗan fasto ne daga birnin Richmond, kuma a coci ya goge da kiɗa. A irin gidan da ya tashi, murya kyautar Allah ce, za a tambayi mai ita abin da ya yi da ita. Mu ma haka muka taso muna ji, baiwa amana ce. Na yarda da wannan. Inda na rabu da masoyan nasa, sun ɗauka su ne suka ba shi ajiyar.

A duba yadda shirun ya fara. Da kundinsa Voodoo ya fito a 2000, an yi wa waƙar Untitled bidiyo, shi kaɗai a tsaye ba riga. Daga nan abin ya juya. Mutumin da ya shafe shekaru a situdiyo yana tace kowane sauti, sai ya hau dandamali ya ji ana ihu ya tuɓe riga. Ya janye jiki, ya faɗa shaye-shaye, a 2005 ya yi mummunan haɗarin mota. Idan akwai amanar da aka ci a nan, ban ga yadda za a ɗora masa ita shi kaɗai ba.

Wani zai ce ai malamai sun yi gargaɗi kan ɓoye ilimi, don me mai baiwa zai yi gum? Ɓoyewa ita ce abu yana hannunka, mabuƙaci ya zo ka hana shi. Wanda ke faman ceton ransa bai ɓoye komai ba, kuma ɗokin mai sauraro, komai tsananinsa, bai kai buƙata ba.

Da buƙatar ta zo bai yi nawa ba. An tsara kundin zai fito a 2015, sai aka ƙi gurfanar da 'yan sandan da Michael Brown da Eric Garner suka mutu a hannunsu, a Ferguson da New York. Jama'a suka cika tituna, shi kuma ya matsa aka saki kundin nan take.

Ya rasu a watan Oktoba na 2025 bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 51. Kundi uku ya bari tun daga Brown Sugar na 1995. Hisabin baiwarsa yana wurin wanda ya ba shi. Mu masu sauraro ba ma bin sa ko sisi.