Jariri a Bakin Teku: Wa Aka Kai Yawo?

Akwai wata tambaya da tsofaffinmu kan yi in sun ji an ce wane da matarsa sun ɗauki jaririnsu ɗan wata biyar sun tafi bakin teku shan iska ranar yawon Salla. Sai su riƙe haɓa su ce, "To, shi yaron me ya sani?" Tambayar gajeriya ce, kuma galibi dariya ake yi a wuce, amma a ganinmu ta cancanci a zauna a kanta. Mu da neman ilimi ko neman abinci ya kawo kudancin ƙasar nan muna ganin wannan al'amari kowace shekara. Magidanci daga Agege ko Obalende ko Idi-Araba zai yi tanadin kuɗi, uwargida ta shirya tabarma da kwanukan abinci da kayan canjin yaro, a shiga mota a sha cunkoson Ikko har a isa gaɓar Lekki ko Badagry. Wanda aka ce dominsa aka yi wannan hidima kuwa barcinsa yake yi, ko kuma yana ta tsala kuka. Shin alherin da aka yi wa wanda ba zai tuna ba, alheri ne? In kuma ba dominsa aka yi ba, wane hakki ne da mu na sa shi cikin wahalar tafiyar?

Da farko dai, tafiya da jariri ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da mahajjatan da suka bi ta Wadai da Darfur a ƙafa har Sawakin don su ƙetare Bahar Maliya, da yawa sun yi tafiyar da iyalansu, an yi haihuwa a hanya, an yi yaye a hanya. Sai dai waɗannan tafiye-tafiye ne na dole ko na ibada, ba wanda zai tambayi mai goyo dalilin da ya sa ta taho da goyonta. Abin da yake sabo shi ne tafiya don hutu kawai, wato a bar gida lafiya lau, a je wani wuri a zauna, a kalli ruwa, a dawo. Tun da babu larura, dole a nemi hujja, kuma hujjar da iyaye suka fi saurin bayarwa ita ce, "Muna so yaro ya ga duniya."

Wannan hujja ba ta da ƙarfi, kuma tsofaffin sun fi mu gaskiya a nan. Gani ya kori ji, haka ne, amma ganin da ba a riƙe ba bai kori kome ba. Kowannenmu ya bincika kansa, zai tarar abu mafi daɗewa da yake iya tunawa bai wuce na lokacin da yake shekara uku ko huɗu ba. Sigmund Freud ya yi magana a kan wannan mantuwa ta ƙuruciya tun farkon ƙarni na 20, kuma har yau masana ƙwaƙwalwa suna kan bincikenta. A shekarar 2025 wasu masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai suna farke, suka ga alamar cewa yaron da ya kai kamar shekara ɗaya yana iya ajiye abin da ya gani, watakila hanyar ɗauko ajiyar ce take ɓacewa daga baya. Ko ma dai yaya ne, sakamakon ɗaya ne ga mai tafiya: yaron da aka kai teku yana wata biyar ba zai zauna yana da shekara ashirin ya ba da labarin raƙuman ruwa ba, sai dai ya maimaita abin da aka faɗa masa.

Amma fa in muka ce duk abin da ba za a tuna ba banza ne, mun ɗebo ruwan dafa kanmu. Wa ya tuna ranar sunansa? An yanka rago, an yi masa aski, dangi sun taru daga nesa, shi kuwa bai san ana yi ba. Wa ya tuna wankan safe da na yamma, da shafa man, da jijjigar da uwa ta kwana tana yi lokacin da haƙori ke fitowa? Shekara biyun farko na rayuwar mutum su ne waɗanda aka fi yi masa wahala a cikinsu, su ne kuma waɗanda ba ya iya ba da shaida a kansu ko kaɗan. Duniya ta ga abin da ke faruwa idan aka rasa wannan kulawa. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a watan Disamba na 1989, an buɗe gidajen marayu aka tarar da dubban yara waɗanda aka ba abinci gwargwado amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. Da yawa daga cikinsu sun girma da rauni a magana da fahimta da iya zama da mutane, alhali ba su tuna kwanakin da aka bar su kwance su kaɗai ba. Ashe abin da aka manta yana iya zama shi ne tubalin da aka gina mutum da shi. Saboda haka tunawa ba ita ce ma'aunin alheri ba, kuma tambayar tsofaffin, in da a nan ta tsaya, da mun amsa ta.

Ba a nan ta tsaya ba. Abin da jariri ke bukata, wato ɗumin jiki da nono da muryar da ya saba da ita, yana samunsa a tsakar gida kamar yadda zai same shi a Lekki, har ma fiye. Teku bai ƙara masa kome ba. To, wa aka kai yawo?

A al'adarmu akwai wata tafiya da ta yi kama da wannan, wato yawon arba'in. Idan mai jego ta gama wanka, sai ta ci ado, ta goya ɗanta, a bi gidajen dangi da abokan arziki ɗaya bayan ɗaya. Jaririn ba zai tuna gida ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa an ɓata lokaci, domin kowa ya san manufar. Ana kai shi ne don a san shi. Goggo ta ɗauke shi ta ce ga hancin kakansa, kawu ya sa masa albarka, a ba da sabulu ko ɗan kuɗi, daga ranar ya shiga lissafin dangi. Zumunta a ƙafa take, kuma wannan ita ce tafiyarsa ta farko a kanta, ko da yake da ƙafar uwarsa ya yi ta. Akwai kuma manufa ta biyu wadda ba a cika faɗa ba: matar da ta yi kwana arba'in a ɗaka tsakanin ruwan zafi da kunun kanwa tana bukatar ta ga waje, ta ji hira, ta tuna ita ma mutum ce.

Yanzu mai karatu ya dubi matar aure a Ikko. Tsakaninta da Kano tafiyar kimanin kilomita dubu ce. Wataƙila uwarta ko wata goggo ta zo ta yi mata zaman jego ta koma. Ɗakinta ɗaya ne ko biyu a gidan haya, mijinta ya fita tun asuba ba zai dawo ba sai dare, gidajen da za ta bi ta yi yawon arba'in ba su fi uku ba. Idan irin wannan mata ta ce tana so a kai ta ta ga teku, ba ma ganin akwai abin kunya a ce domin ita aka yi tafiyar. Abin da muke ƙi shi ne a laɓe a bayan yaro. Mun saba, mu Hausawa, da jin nauyin cewa muna son abu don jin daɗinmu, sai mu rataya shi a wuyan yara ko baƙi. Wannan kara tana da kyau a wurinta, amma a nan tana da illa, domin wanda ya yarda cewa don yaro ya zo zai ga dole ne ya nuna wa yaron abin da aka zo gani. Daga nan sai ka ga an cire shi daga inuwa, an kai shi bakin ruwa, an tsoma ƙafarsa, an ɗaga shi sama ana ɗaukar hoto. Wanda kuwa ya san don kansa da matarsa ya zo, zai bar yaro ya yi barcinsa a rumfa.

Akwai wani amfani kuma da muke gani, ko da yake ba kowa zai yarda da mu ba. Kunyar ɗan fari ta hana iyaye da yawa, musamman maza, ɗaukar ɗansu a gaban mutane ko kiran sunansa. A gida can ba a rasa masu cike wannan gurbi, ga kakanni ga 'yan uwa, ɗa na kowa ne. A baƙon gari kuwa, in uba ya ci gaba da wannan kunya, babu kakan da zai karɓa, nauyin duk ya koma kan mace ɗaya. Mun lura a bakin teku, inda ba surukai ba sa'o'in uba, magidanci yakan saki jiki ya rungumi ɗansa awa biyu cur, matarsa ta miƙe ƙafa ta ci abinci da hannu biyu. In ya dawo gida da wannan sabo, to jaririn ya ci ribar tafiyar ta hanyar da ba ta shafi teku ba sam.

Sai dai duk wannan ba ya kawar da magana mafi nauyi. Idan daɗin na manya ne, haɗarin kuwa wa ya fi faɗa wa? Babba ya zaɓi zuwa, ya san zafi, in ya ji ƙishirwa zai faɗa, in rana ta dame shi zai tashi. Jariri ba a yi shawara da shi ba, kuma ba shi da hanyar ƙin yarda sai kuka, kukan da ake iya fassara shi da rigima. Fatarsa ba ta yi kauri ba, jikinsa ba ya iya fitar da zafi kamar na babba, kuma baƙar fata ba ta hana zafi galabaitar da shi. Likitoci sun yi gargaɗi kada a bar ɗan ƙasa da wata shida a cikin rana kai tsaye, kuma ba su cika son a shafa masa man kare rana ba, sun fi son inuwa da sutura mara nauyi da hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wata shidan farko nono kaɗai za a ba shi, ko ruwa ba a ba shi, ma'ana a rana mai zafi uwa ce za ta yawaita shan ruwa ta kuma yawaita ba shi mama. In aka ga bakinsa ya bushe, fitsari ya ragu, maɗiga ta faɗa, to lokacin tashi ya riga ya wuce. Ka'idar da muke tsayawa a kanta ita ce, wanda ba a nemi yardarsa ba ba a ɗora masa kasadar jin daɗin wani, saboda haka shi ne zai yanke lokacin zuwa da na dawowa. In an biya kuɗin shiga masu yawa, aka yi awa ɗaya yaro ya ƙi, asarar kuɗin ita ce daidai. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, domin zafin kuɗin da aka kashe yakan sa a ce a ƙara haƙuri kaɗan.

Batun hoto kuma abin dubawa ne. Tun da yaro ba zai tuna ba, hoton shi ne tunanin da muke ƙera masa, kuma ba ma raina shi. Waɗanda aka ɗauka suna goye a Bar Beach shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, yau ba su da wurin da za su koma su gani, domin an cike gaɓar da yashi an kafa Eko Atlantic a kanta. A shekarar 2024 ma an rushe wani sashe na wurin shaƙatawar Landmark don a shimfiɗa babbar hanyar gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba. Takardar da ke cikin akwatin uwa ita kaɗai ta rage. Amma hoton akwati daban yake da wanda ake ɗorawa a Facebook kafin a bar wurin. Na farko an ajiye wa yaro ne, na biyu kuwa mutanen gida ake nuna wa cewa zaman kudu ya karɓe mu, da fuskar wanda bai ce a nuna shi ba.

Wani abin mamaki shi ne, wannan tafiya ta farko da ake ta fargaba a kanta ta fi waɗanda za su biyo baya sauƙi ta fuskar ruwa. Ɗan wata biyar inda aka ajiye shi nan za a same shi. Ranar da ya fara rarrafe ko tatata, lissafi ya sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa. Tekun Atlantika a gaɓar Ikko yana da igiyar da ke ja ciki, wadda ta sha cin samari majiya ƙarfi, balle mu da yawancinmu ba mu taɓa koyon iyo ba, iyakarmu kududdufi da rafin damina. Ya kamata kuma a lura, yawan manya a wuri ba kariya ba ne, domin inda mutum shida suke zaune kowa yakan ɗauka ɗaya daga cikin biyar ɗin ne yake kallon yaro. Kafin a shimfiɗa tabarma a ambaci sunan mai tsaro, in zai tashi ya miƙa wa wani da baki, shi ma ya amsa da baki.